Darasin dogon hutu na marayu da 'yan talla a unguwar Kurna da ke Kano: rubutun rana-rana, daminar 2024

Asabar, 20 ga Yuli

Yau bayan sallar la'asar muka zauna mu tara a zauren gidanmu, muka tsayar da magana a kan darasin dogon hutu da muke ta zancensa tun bayan ƙaramar sallah. Uku daga cikinmu malaman firamare ne, huɗu matasa ne da suka gama sakandare suna jiran sakamako, sai wani tela da wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya. Babu wanda za a biya ko sisi. Mun amince za mu ɗauki yara 60 masu shekara 6 zuwa 13, a fara da marayu, da 'yan talla, da 'ya'yan mutanen da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Katsina da Zamfara suka raɓe a kangaye a bayan unguwa. Za a yi karatu daga Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe 8:30 zuwa 12:30, domin kada mu shiga lokacin Islamiyya, kuma za a yi mako biyar.

Kuɗin da ke hannu naira 410,000 ne, daga aljihunmu da gudunmawar 'yan uwa da abokan arziki. Lissafin da na yi ya nuna muna buƙatar 460,000: abinci 390,000, kayan karatu da tabarmi 70,000. An yi muhawara a kan ko a cire abinci domin kuɗin su isa, amma Hajiya ma'aikaciyar jinya ta ce yaron da ya fito gida bai karya ba, ba zai ji abin da ake faɗa a gaban allo ba, kuma duk muka bi bayanta. Za mu fara da giɓin 50,000, Allah Ya hore.

Laraba, 24 ga Yuli

Mun kai gaisuwa wurin mai unguwa, ya sa albarka, ya kuma haɗa mu da yaronsa ya zaga da mu gida-gida. Shugaban wata firamare da ke kusa ya ba mu aron aji biyu da makewayi, bisa sharaɗin mu share wurin mu mayar da makullai kullum.

Rubuta sunayen yara ya ci kwana uku, kuma ya fi yadda na zata wuya. A gidaje da dama tambayar farko ita ce ko gwamnati ce ta aiko mu, ta biyu kuma ko za a raba wani abu. Wata dattijuwa da ke riƙon jikoki huɗu ta ce mini, "Ɗan nan, an sha rubuta sunayenmu, ba mu taɓa ganin abin da ya biyo baya ba." Ban yi mata alkawarin komai ba sai karatu da abinci sau ɗaya a rana. Wani malamin tsangaya ya yarda ya ba mu almajirai goma, daga ƙarfe 10, bayan sun tashi daga karatun safe, ranar Alhamis kuwa da ba su da karatu su zo tun farko.

Asabar, 27 ga Yuli

Sayayya. Shinkafa 'yar gida, wake da gero daga kasuwar Dawanau; littattafan rubutu dozin goma, fensir da alli daga Sabon Gari; tabarmi shida, bokiti biyu da sabulu. Tsarin abinci shi ne garau-garau ranar Litinin da Laraba, kunun tsamiya da ƙosai ranar Talata da Alhamis. Ranar garau-garau za ta riƙa cin kimanin 25,000 idan an haɗa da mai, yaji, itace da ruwan 'yan garuwa, ranar kunu kuwa kimanin 14,000. Wata Inna maƙwabciyar makarantar ta karɓi aikin girki a tsakar gidanta.

Litinin, 29 ga Yuli

Mun buɗe. Na isa ƙarfe 7:30 na tarar da yara sun cika bakin ƙofa, da na ƙirga sai na sami 94, alhali 60 muka rubuta. Wasu ƙannensu suka riƙo, wasu kuwa labarin abinci suka ji. Mayar da yaro gida yana kallon 'yan uwansa suna shiga abu ne mai ciwo, kuma ban iya kallon fuskokinsu ba sa'ad da nake karanta sunaye. Daga ƙarshe muka ƙara 12 daga cikin waɗanda muka san halin gidajensu, muka zama 72, sauran muka ba su haƙuri bayan an zuba musu abinci. Saboda haka garau-garau bai kai ko'ina ba, masu aikin sa-kai babu wanda ya ɗanɗana.

Ba mu tambayi kowa ajinsa ba. Mun bi hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita, wadda na koya a wata bita, inda ake gwada kowane yaro shi kaɗai a ga iyakar abin da yake iya karantawa, sannan a haɗa shi da waɗanda suke mataki ɗaya da shi, komai shekarunsa. Takardar gwajin shafi ɗaya ce: haruffa, kalmomi, gajeren sakin layi, sai ɗan labari, duk da Hausa.

Laraba, 31 ga Yuli

Mun gama gwaji. Cikin yara 72, 31 ba su san haruffa ba, 22 sun san haruffa amma ba sa iya haɗa su, 13 suna karanta kalmomi, 6 ne kawai suka karanta sakin layi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani yaro ɗan aji biyar da ya rera mini baƙaƙen Turanci daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, amma da na ɗora yatsa a kan harafin "m" na ce mene ne wannan, sai ya sunkuyar da kai. Almajiran kuwa, huɗu daga cikinsu suna rubuta sunayensu da ajami tsaf, kuma sun riga sun gane cewa baƙi da wasali ne ke haɗuwa su ba da gaɓa, don haka ina sa ran za su yi sauri.

Mun raba su rukuni uku. Da yamma muka yanke shawarar kada a zo gobe, saboda zanga-zangar tsadar rayuwa da aka shirya farawa 1 ga Agusta a faɗin ƙasa.

Lahadi, 4 ga Agusta

Abin da ake gudu ya faru. Ranar Alhamis zanga-zangar ta rikiɗe a cikin Kano, aka fasa wurare aka kwashi kaya, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa dokar hana fita ta awa 24. Tun daga ranar muna gida. Damuwata ita ce yaran da ke kangaye, waɗanda iyayensu sai sun fita suke samun na ranar. Jiya da aka ɗan sami sarari, ni da tela muka auni gero kwano shida daga cikin na darasi muka kai gidaje shida. Na san wannan zai ƙara giɓin lissafi, na kuma rubuta shi a littafin kuɗi da sunana, domin ni na yanke shawarar ba tare da na tuntuɓi sauran ba.

Laraba, 7 ga Agusta

An sassauta dokar ta yadda ake iya fita da rana, mun koma. Yara 41 suka zo. Mun yi asarar kwana uku na karatu, mun amince a ƙara mako guda a ƙarshe.

Alhamis, 8 ga Agusta

Yara 55. Rukunin farko sun yi wasulla biyar da baƙaƙen b, d, k, m. Lissafi da tsinken tsintsiya, ana ɗaure goma-goma da zare.

Talata, 13 ga Agusta

Na duba rajista na ga wani abu da ya kamata in lura da shi tun makon farko: cikin waɗanda ba sa zuwa, ko suke sulalewa kafin ƙarfe 10, kusan duk 'yan mata ne masu shekara 9 zuwa 13. Guda 14 na ƙirga. Da yamma muka bi gidajen biyar daga cikinsu tare da ɗaya daga cikin malamai mata, ita ta shiga ciki, ni na tsaya a zaure sai da aka yi mini izini.

A gida na uku ne na fahimci al'amarin sosai. Uwar yarinyar mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, 'ya'ya biyar, ɗaki ɗaya na haya. Tana zaune gaban murhu tana tsame awara daga mai tana jerawa a cikin farin bokitin roba mai murfi, yarinyar kuma tana tsugune da gammo a hannu tana jira. Ta ce, "Malam, ba ƙin karatun nake ba, wallahi. Wannan bokitin shi ne tuwon darenmu. In ta zauna a wurinku har azahar, wa zai sayar? Ku kun ciyar da ita, to sauran huɗun fa?" Na tambaye ta ribar bokitin, ta ce in an sayar duka ba ya wuce naira 1,200. Ban sami abin ce mata ba, domin jawabin da na shirya a kan muhimmancin ilimin 'ya mace ta fi ni saninsa, kuma babu inda ya taɓo tambayar da ta yi.

A hanyar dawowa malamar ta kawo shawarar da ta fi duk abin da muka tattauna a zaure. Ranar kunu muna sayen ƙosai na kimanin 7,000 a bakin titi. Ta ce me zai hana mu riƙa sayen ƙosai da awara a wurin iyayen yaran nan, su yi mana tun da safe, yarinya ta kawo bokitin makaranta a maimakon ta zaga da shi tasha. Kuɗin ɗaya ne, hannun da za su shiga ne ya canza. Ranar garau-garau kuwa za mu fara da rukunin 'yan matan, a zuba musu abinci da wuri, a sallame su ƙarfe 11. Ba na jin daɗin sakin yarinya ta tafi talla daga cikin ajina, amma awa biyu da rabi na karatu sun fi babu.

Alhamis, 15 ga Agusta

Mun gwada sabon tsarin. Iyaye mata biyar suka kawo kaya, aka biya kowacce 1,400 a hannu. Cikin 'yan mata 14, 11 sun zauna har aka tashi. Za a riƙa juyawa tsakanin gidajen domin kowa ya samu. Yau yara 63.

Litinin, 19 ga Agusta

Ba a yi karatu ba. An kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, da safe muka tarar iska ta yaye fallen kwano biyu a ajin da muke ajiye kaya. Littattafan rubutun yara suna cikin kwali a ƙasa, daidai inda ruwan ya zuba. Laifina ne, domin ranar Alhamis tela ya ce a ɗora kwalin a kan tebur ko a kai gidansa, na ce a bari sai Litinin. Littattafai 48 sun jiƙe sun manne, tabarmi uku sun sha ruwa, alli kwali biyu ya zama kunu.

Asarar kuɗin ba ta dame ni kamar aikin da ke ciki ba. Akwai wani yaro daga cikin 'yan gudun hijira da ya rubuta sunansa da kansa karon farko ranar Laraba, ya cika shafi guda da shi. Da ya zo ya ga muna shanya littattafai a kan benci, sai ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya har ya gano nasa, ya yi ƙoƙarin buɗe shafin, takardar ta yage a hannunsa. Bai yi kuka ba, ya dai tsaya riƙe da ita. Na ba shi alli na ce ya rubuta mini a allo, ya rubuta daidai, harafi bai ɓace masa ba.

An sayi sababbin littattafai na 15,000, da tamfol na 12,000 da aka ɗaure a kan rufin. Daga yau kaya a gidan tela za su riƙa kwana, cikin buhun leda. An dafa abincin duk da haka, aka raba wa waɗanda suka zo.

Laraba, 21 ga Agusta

Yara uku sun zo da zazzaɓi, ɗaya har yana rawar sanyi a kan tabarma. Hajiya ta hana a ba su kowane magani kafin gwaji, ta kai su asibitin sha-ka-tafi da izinin iyayensu, gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne a biyu. Gwaji da magani sun ci 9,500. Maganin kariya da ake rabawa gida-gida kowane wata a lokacin damina na yara 'yan wata 3 zuwa 59 ne, namu duk sun wuce wannan shekarun, kuma da na tambaya, ƙasa da rabinsu ne suka ce suna kwana a gidan sauro.

Hajiya ta karɓi rabin awa ta koya wa manyan yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari idan ƙaninsu ya kamu da gudawa: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ta kuma kafa doka cewa babu mai taɓa kwano sai ya wanke hannu da sabulu, ana zuba masa ruwa da buta, ba a tsoma hannu cikin bokiti ɗaya ba.

Asabar, 24 ga Agusta

Zaman yau ya yi zafi. Ranar Alhamis ɗaya daga cikin matasanmu ya tsinko reshen darbejiya ya zane wani almajiri saboda ya ɓoye ƙosai a aljihu, alhali tun ranar farko mun yi yarjejeniyar babu bulala. Shi yana ganin sata ce, kuma in ba a tsawatar ba sauran za su koya. Ya ce haka aka yi mana mu ma, ba mu lalace ba. Wasu biyu sun goyi bayansa. Da aka bincika, ƙosan na wani ƙaramin almajiri ne ɗan garinsu da ke kwance ba lafiya a tsangaya. Ra'ayina, wanda na faɗa a fili, shi ne ko da babu wannan dalili dukan bai halatta a wurinmu ba, domin yaran nan babu wanda ya tilasta musu zuwa, kuma yawancinsu tsoron duka na cikin abin da ya rufe musu baki a aji. Matashin ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce zai je tsangayar da kansa ya ba yaron haƙuri a gaban malaminsa. Na ga girmansa a kan haka.

Kuɗi: tsofaffin abokan karatuna sun tara 85,000 ta zauren WhatsApp, an kuma sami 40,000 a masallacin unguwa jiya bayan liman ya yi sanarwa. Wani ɗan kasuwa ya aiko da rabin buhun gero.

Talata, 27 ga Agusta

Yara 60. Rukunin farko sun shiga ɓ, ɗ, ƙ, da bambancin "kafa" da "ƙafa", "bari" da "ɓari". Bayan kunu aka yi kacici-kacici da langa.

Alhamis, 29 ga Agusta

Mun kai manyan yara 30 gidan tarihi na Gidan Makama a ƙananan motocin haya biyu, mota da kuɗin shiga 31,000. An yi gardama a kan ko kuɗin ba su fi amfani a abinci ba, ni dai na tsaya a kan a je, domin yawancinsu a Kano aka haife su amma ba su taɓa ganin ƙofar gidan sarki ba. An nuna musu tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da hotunan zamanin zuwan Turawa a 1903, aka ba su labarin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Yarinyar nan mai awara ta tsaya gaban wani rubutu tana bin sa da yatsa a iska, ta tsinto kalmar "Kano" da kanta, ta juyo tana neman wanda za ta nuna wa. Ƙananan da aka bari sun yi tatsuniya da malamai biyu, kuma sun nuna ɓacin ransu sosai da muka dawo.

Talata, 3 ga Satumba

Yau aka wayi gari da ƙarin kuɗin fetur, lita ta haura naira 850 a gidajen man NNPC. Biyu daga cikin malamanmu da ke zuwa daga nesa sun ce kuɗin adaidaita sahu ya fi ƙarfinsu, amma za su lallaɓa su ƙarasa kwana biyun da suka rage. Mun fara gwajin ƙarshe da takarda irin ta farko, an dai canza kalmomin.

Alhamis, 5 ga Satumba

An rufe. Yara 58 aka gwada: 7 har yanzu ba su riƙe haruffa ba, 19 suna matakin haruffa, 21 suna karanta kalmomi, 11 suna karanta sakin layi. Bai kamata a kwatanta wannan kai tsaye da lissafin farko ba, domin yara 14 sun daina zuwa, kuma da yawansu daga rukunin da ya fi rauni suke. Da suna nan, adadin marasa haruffa zai fi 7. Gida biyu na 'yan gudun hijira sun tashi, uku daga cikin 'yan talla ba su dawo ba duk da sabon tsarin, sauran ban kai ga bin sawunsu ba. Almajirai takwas sun kai ƙarshe, shida suna karanta kalmomi.

Iyaye mata sun zo da yawa, mai unguwa ya aiko wakili. Kowane yaro ya tafi da littafinsa da fensir. Dattijuwar nan mai jikoki huɗu ta zauna a gaba, ta sa babban jikanta ya karanta mata layi uku sau biyu.

Lahadi, 8 ga Satumba

Lissafin ƙarshe: an sami 535,000. Abinci ya ci 392,000, kayan farko 70,000, sababbin littattafai 15,000, tamfol 12,000, asibiti 9,500, ziyara 31,000, jimilla 529,500. Saura 5,500, da gero kwano huɗu da muka bar wa Inna mai girki. An mayar da makullai, tamfol ɗin mun bar shi a kan rufin.

Aikin da ke gabanmu yanzu shi ne yara 17 daga cikin 58 da ba sa zuwa kowace makarantar boko. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma wajibi, a watan Yunin bana ma gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, amma yunifom da takalmi da littafi suna kan iyaye, kuma a nan ake tsayawa. Shugaban makarantar ya yarda ya karɓi 11 da zarar an koma. Sauran shidan almajirai ne, sai malaminsu ya tuntuɓi iyayensu a ƙauye. Tela ya ce ɗinki kyauta ne idan an kawo yadi, gobe zai je Kantin Kwari ya jiyo farashi, ni kuma in rubuta wa abokan karatuna.

Za mu ci gaba da zama kowace Asabar daga ƙarfe 9 zuwa 11 da yara 26 da ba su wuce matakin haruffa ba, malamai uku sun ɗauki nauyi. Sayen ƙosai da awara a wurin iyayen ya tsaya tare da darasin, don haka daga gobe bokitin zai koma kan yarinyar. Malamar da ta kawo shawarar sayen za ta zauna da iyayen biyar ranar Laraba, a ga ko za a nema musu izinin sayarwa a bakin makarantar lokacin tara, uwa ko wata babba ta zauna da kayan, yaran suna aji. Zaman farko na Asabar 14 ga wata ne.